Gusau Bayan Jirgin Ƙasa

Garin da ke bakin teku yana cin abinci ne da abin da jiragen ruwa suka sauke da abin da suka ɗauka. Gusau ba ta da teku, amma ta daɗe tana irin wannan rayuwa, domin jirgin ƙasa ya yi mata aikin da jirgin ruwa ke yi wa wasu. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Daga lokacin auduga da gyaɗa da fatu da ƙiraga na ƙasar Zamfara suka samu hanyar zuwa Ikko, daga can sai Ingila. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna da sito, Kwara, wato 'yan Labanan, suka zo da dukiyarsu, mutanen Kudu suka cika Sabon Gari.

Inda kaya suka taru, can injina ke biyowa. Aka kafa injin gurzar auduga, aka kafa na matsar man gyaɗa, sannan a shekarun 1960 aka buɗe masakar Zamfara Textile. Dattawan garin har yanzu suna ba da labarin lokacin tashi daga aiki, yadda kekuna ke cika titi, mai shayi da mai ƙosai suna jira a bakin ƙofa, ƙarshen wata kuma kasuwa ta ɗauki harama.

Faɗuwar ba rana ɗaya ta zo ba. Farin 1973 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 suka karya manomi. Kuɗin fetur ya ɗauke hankalin gwamnati daga gona. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya sa kayan gyaran injina suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa da araha. Jirgi ya rage zuwa, daga baya ya daina, masaka ta rufe. Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996 Gusau ta zama babban birni, sai garin ya koma jiran albashi.

To, yaya gari irin wannan ke komawa wurin da baƙi ke sha'awar zuwa? Birnin Libaful na Ingila ya bi wannan hanya. Tashar jiragen ruwansa ta Albert, wadda aka buɗe a 1846, an rufe ta a 1972, laka ta cike ta. Abin da aka fara yi shi ne barin tsofaffin sito a tsaye, ba a rushe su ba. Aka kwashe lakar, aka gyara gine-ginen, aka mai da wasu gidan tarihin sufurin ruwa, a 1988 aka buɗe gidan zane-zane na Tate. Masu abinci da otal-otal daga baya suka zo, bayan sun ga mutane.

A ganina nan ne muke yawan kuskure. Mukan fara da gina otal, alhali ba mu tanadi abin da baƙo zai zo gani ba. Ga shi kuwa Gusau tana da shi. Tashar jirgi da ragowar gine-ginen kamfanoni sun isa a ba da labarin auduga tun daga gona har zuwa turmin atamfa, muddin ba a yanka filayen an sayar ba. Tsofaffin ma'aikatan masaka suna raye, kuma su ne za su fi kowa iya yi wa ɗalibai bayani.

In ka fita gabas ta hanyar Funtuwa, ba ka yi nisa ba za ka hango Dutsen Kwatarkwashi, garin yana kwance a gindinsa. Baƙi kan yi mamaki in aka ce musu a Ƙaramar Hukumar Bunguɗu yake, ganin cewa Bunguɗu kanta tana yamma, ta hanyar Sakkwato. A wannan dutse aka san bikin kamun maiki na gargajiya. Gaba kaɗan, kusa da Tsafe, ga 'Yandoto, tsohuwar cibiyar malamai tun kafin jihadi, wadda sunanta ke cikin tarihin kafuwar Gusau kanta a hannun Malam Sambo Ɗan Ashafa. Duk waɗannan a kan titi ɗaya suke, yini guda ya ishe su.

Sai dai titin nan shi ne wanda direbobi ke gudun bi da yamma saboda 'yan bindiga. Malamin makaranta ba zai ɗebi yara ya kai su gindin dutse ba in yana tsoron a tare motar. An fara aikin filin jirgin sama a Gusau a 2024, kuma zai rage wa mai zuwa daga Abuja fargaba, amma daga filin zuwa Kwatarkwashi dole mota ce za ta kai shi.