Burodin Kirfa Na Ƙasar Suwidin: A Gasa A Gida, Amma A Auna Kirfar

Uwargidan da ta iya kwaɓin fanke ko alkubus ba za ta sha wahala da burodin kirfa na mutanen Suwidin ba. A can sunansa kanelbulle, da shi suke shan gahawa, har sun ware masa ranar 4 ga Oktoba tun daga 1999. Kayan haɗinsa kuwa duk ana samunsu a shagunan Jikwoyi ko a kasuwar Karu: fulawa, yis, madara, bota, sukari da kirfa.

Ga yadda ake yin guda 20. A jiƙa yis cokalin shayi 2 a madara mai ɗumi kofi ɗaya. A zuba fulawa rabin kilo, sukari cokalin cin abinci 5, bota gram 75 da ɗan gishiri, a murza har kwaɓin ya daina kama hannu. A rufe shi ya tashi kamar minti 45. Sai a murza shi da faɗi, a shafe da bota, a barbaɗa sukari da garin kirfa cokalin shayi 2, a naɗe kamar tabarma, a yanka. Bayan ya sake tashi, a shafa ruwan ƙwai a gasa minti 10 zuwa 12 a wuta mai ƙarfi. In babu wutar lantarki, tukunyar yashi a kan gawayi, irin wadda ake gasa kek, ta wadatar, sai dai ta fi ɗaukar lokaci.

Abin da ya kawo wannan burodi shafin lafiya shi ne cokali biyun nan na kirfa. Kirfa iri biyu ce. Akwai ta Siri Lanka, mai ɓawo siriri da aka naɗe falle-falle, tana farfashewa a hannu. Akwai kuma kasiya, mai kauri da tauri da duhun launi. Ita ce mai araha, ita aka fi sayarwa a duniya. Kasiya na ɗauke da sinadarin kumarin mai yawa, wanda kan wahalar da hantar wasu mutane idan ana cinsa da yawa kullum. Ta Siri Lanka ɗan kaɗan ne a cikinta.

Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta ƙayyade cewa kumarin da mutum zai riƙa ci a kullum kada ya wuce miligram 0.1 a kan kowane kilo na nauyin jikinsa. A lissafin hukumar tantance haɗari ta Jamus, babba mai kilo 60 zai kai wannan iyaka da kimanin gram 2 na kasiya, abin da bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Yaro mai kilo 15 kuwa rabin gram ya ishe shi.

Ko su masu abin sai da suka yi ta-ka-ce-na-ce a kansa. A 2013 hukumomin Denmak sun gano burodin kirfa da dama ya wuce miligram 15 a kilo da dokar Turai ta yarje wa kayan gashi na yau da kullum, masu gidajen burodi suka yi caa. Suwidin kuwa ta lissafa nata cikin abincin gargajiya, wanda aka yarje wa miligram 50.

Mu dawo kan kwaɓinmu. Cokali 2 kimanin gram 5 ne. In aka raba wa burodi 20, kowanne ya tashi da rubu'in gram. Ke nan guda biyu sun kai yaro ɗan shekara uku ko huɗu iyakarsa ta wuni. Wuce iyakar sau ɗaya ranar suna ko Sallah ba abin tayar da hankali ba ne. Matsalar ita ce a mayar da shi guzurin makaranta na kowace safiya, ga kuma sukarin da ke cin haƙora.

Damuwata a matsayina na mai harhaɗa magunguna ta fi karkata ga manya. Masu ciwon suga da yawa suna dafa kirfa su sha safe da yamma, wasu har su ajiye maganin asibiti. Kirfa ba ta maye gurbin metformin ko allurar insulin. Mai ciwon hanta, da mai shan maganin tarin fuka, wanda dama yana ɗora wa hanta nauyi, kada su mayar da ita abin sha na kullum sai sun tuntuɓi likita ko mai harhaɗa magani.

Saboda haka uwargida, ki gasa wa iyali su more. Ki auna kirfa da cokali, kada ki zuba da ido. In kin samu itacenta, ki zaɓi mai falle-falle ki daka da kanki, domin idan ta zama gari ba a iya bambance su. Sau ɗaya a mako ya isa, yara guda ɗaya ko biyu, sauran a aika wa maƙwabta.