Daƙiƙa Talatin da Saba Take Ɓata

A wani ofis da ke kan titin Ahmadu Bello a Kaduna, akwai sabar da ta ɗaure wa masu kula da ita kai. ESXi na kamfanin VMware ne a kanta, tana ɗauke da kwamfutocin manhaja na albashi da na rajistar ma'aikata. Kusan duk sanda aka ɗauke wuta, sai manhajar sa ido ta yi ƙara cewa sabar ta daina amsawa. Kafin a tashi daga kujera ta dawo. Masu aiki a hawan ƙasa kuwa ba su taɓa kawo kuka ba, komai nasu yana tafiya.

Abin mamakin shi ne an riga an yi mata tanadi. Katin netwok biyu gare ta, vmnic0 da vmnic1, kowanne da kebul ɗinsa zuwa suwic daban, an haɗe su su yi aiki tare. Hanyar gudanarwa, wato vmk0 da injiniya yake shiga sabar ta nan, tana bin vmnic0, ɗayan yana jiran ko-ta-kwana. Kwamfutocin manhaja kuma an juya musu tsarin, vmnic1 suke bi.

Da farko ƙurar hunturu aka zarga. Aka hure kafofin, aka sauya kebul. Shiru.

Wata matashiya da take bautar ƙasa a sashen ce ta kawo alama ta farko. Ta ce wa shugabansu: "Oga, ai ba lokacin da aka ɗauke wutar take ɓata ba. Sai janareto ya jima da tashi." Ya ce ta buɗe rajistar sabar su gani. Haka ne kuwa. Da ɗaukewar wuta vmnic0 ya faɗi, nan take vmk0 ya koma kan vmnic1, fakiti kaɗan kawai aka rasa. Tanadin ya yi aikinsa. Matsalar tana farawa ne a layin da ke cewa vmnic0 ya dawo.

To me ya sa vmnic0 yake faɗuwa tun farko, alhali sabar tana kan UPS? Aka leƙa bayan rak da tocilan. Baƙar wayar wutar suwic na farko ba ta shiga UPS ba, ta zagaya ta bayansa zuwa soket ɗin bango. Wannan ya bayyana faɗuwar, amma bai bayyana ɓatar ba.

Tsawon ɓatar ne ya tona asiri. Suka auna da ping, kullum kusan daƙiƙa 30 ne, ba ya sauyawa. Lalacewa ba ta cika alƙawari haka; abin da ke da ƙayyadadden lokaci, wani ne ya tsara shi. Tsarin kuwa tsoho ne, Spanning Tree, wanda Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, ya zama ƙa'idar IEEE 802.1D a 1990. Aikinsa hana bayanai yin zagaye marar ƙarewa tsakanin suwic da suwic. Idan kafa ta farka, sai ta yi daƙiƙa 15 tana saurare, ta ƙara 15 tana koyon adireshi, sannan ta bar kaya su wuce. A duk wannan lokacin layin a raye yake ta fuskar lantarki.

A nan ESXi yake ruɗuwa. A saitinsa na asali, raye ko mace kawai yake dubawa a layin, kuma Failback a kunne yake. Yana ganin vmnic0 ya farfaɗo sai ya ɗauke vmk0 daga lafiyayyiyar hanya ya mayar da shi ƙofar da ba a buɗe ba tukuna, kamar direban da ya hango gada ya hau ba tare da ya lura an gitta sanda ba. Kwamfutocin manhaja ba su taɓa barin vmnic1 ba, shi ya sa hawan ƙasa ba su ji komai ba.

Ina ganin ba ƙaramin abu ba ne. A wurin da aka kunna vSphere HA, tsarin da ke sa sabobi su riƙa lura da juna, sabar da ta daɗe ba ta jin 'yan uwanta tana iya yanke cewa an killace ta, kuma wani saitin yana sa ta kashe kwamfutocin da take ɗauke da su.

Gyaran bai ci ko kwabo ba. Aka kunna saitin da ke sa kafa ta tsallake wancan jiran, PortFast kamar yadda Cisco ke kiransa, a kafofin da sabar ke ciki kaɗai, ban da waɗanda ke haɗa suwic da suwic. Aka kashe Failback a hanyar gudanarwa, wayar wutar ta koma UPS. Ranar Asabar da ba kowa, suka zare wutar suwic na farko da gangan, suka mayar, suka tsaya har ya gama tashi, sannan suka yi wa na biyun haka nan. Ping bai yanke ba.