Inda rana ba ta shanya: girkin Hausawa a Fatakwal

A Kano ko Katsina, matar da ta sayi kwandon tumatir lokacin araha ba ta da fargaba. Za ta yanyanka shi, ta baza a tabarma, cikin 'yan kwanaki ya zama kauɗa, ta ɗure a buhu har damina. Haka ake yi wa kuɓewa da tattasai da ganyen kuka, haka ake yin kilishi. Kusan duk dabarun adana abinci na ƙasar Hausa sun dogara ne ga rana mai zafi da busasshiyar iska.

Waɗannan biyun su ne Fatakwal ba ta da su. Ruwan da ke sauka a birnin ya haura milimita 2,000 a shekara, alhali na Kano bai cika kai 1,000 ba, kuma ko a watannin da ake kira rani iskar ba ta rabuwa da laima. Amaryar da aka kawo daga Arewa takan gane haka tun a makon farko: kuɓewar da ta shanya ta yi yauƙi, garin kuka ya dunƙule, daddawa ta yi fumfuna a cikin kwano. Tun daga ƙarshen 2016 wata matsalar ta ƙaru, wato baƙin toka da ke sauka daga sama, wanda ake dangantawa da haramtattun matatun mai da ƙona su da jami'an tsaro ke yi. Abin da aka shanya a waje da safe, kafin yamma ya yi baƙi.

Zaman Hausawa a wannan yanki ba na jiya ba ne. Turawan mulki sun kafa Fatakwal a 1912 domin fitar da kwal ɗin Inugu ta teku, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, gadar Makurɗi kuma ta 1932 ta ba jirgin ƙasa damar wucewa Arewa kai tsaye. Ta wannan hanya shanu da albasa da wake suka riƙa gangarowa, masu su na biye. Yau tirela ce ta gaji jirgin, tana cin kimanin kilomita 1,000 daga Kano, kuma a cikin lodinta akan sami ƙullin kuka da yaji da man shanu da uwa ta aiko wa 'yarta ta hannun direba ɗan unguwa.

Aike dai ba ya ciyar da gida shekara guda. Abin da ya rufa asiri shi ne koyo daga maƙwabta. Mutanen bakin ruwa, Kalabari da Okirika da sauran Ijo, ba su taɓa jiran rana ba. Da hayaƙi suke adana kifi. Matan Hausawa da dama sun ɗauki wannan dabara, suna ɗora kifi ko nama a kan waya bisa garwashi marar ƙarfi, suna maimaitawa duk bayan kwana biyu ko uku domin kada laima ta koma ciki. Tumatir da attaruhu kuwa markaɗawa ake yi a dafa har ruwan ya ƙone, a soya, a bar mai ya rufe samansa. Firji na taimakawa, amma wanda ya san halin wutar lantarki ba ya ba shi amanar naman wata guda.

Babbar Sallah ce ke gwada kowa. A Arewa ana iya rataye rago ya kwana ya sha iska. A Fatakwal mai hankali ba ya yin wannan kasada: ranar da aka yanka, ranar ake soyawa har naman ya ƙame, abin da ya rage a daka shi dambu. Kuma lamarin ya wuce asarar kuɗi. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara a wuri mai danshi tana iya haifar da gubar aflatoksin, wadda dahuwa ba ta kashewa, kuma likitoci sun tabbatar tana da hannu a cutar dajin hanta. Kankare fumfuna daga ƙuliƙuli a ba yara, kamar yadda wasu ke yi don tsimi, ganganci ne.

Tukunyar kanta ta sauya. Ganyen ugu da shuwaka sun shiga miyar gidan Bahaushe, garin jatan lande yana zama gefe guda da daddawa. Dodon koɗin ruwa da mutanen Ribas ke zubawa a miya yakan sa baƙo ɗaga gira, ko da yake mazhabar Malikiyya, wadda akasarin Hausawa ke bi, ta halatta abin da ke rayuwa a teku. Ƙyamar ta sabo ce. Har kifin Norwe, wanda Ibo ke kira okporoko, ya sami gurbi a miyar kuka. A iskar sanyi ta tsibiran Lofoten ake busar da shi ba tare da gishiri ba, kusan yadda hunturu ke busar da kilishi. Yaran da aka haifa a Diobu kuwa sun fi ɗokin bole, gasasshiyar agada da kifi da miyar manja, a kan ɗumamen tuwo, abin da ba ya yi wa kakanninsu daɗi.

Abincin ma yana tsallaka katanga ta ɗaya ɓangaren. Maƙwabta Kirista sun san ranar da kwanon naman Sallah da masa zai iso, da Kirsimeti kuma wasu kan kai kazarsu ga Musulmi ya yanka domin kowa ya ci. A Anaca da Inugu mai suya da mai shayi sun zama 'yan gari. Okpa, abin alfaharin Inugu da ake sayarwa da zafinsa a mararrabar Ninth Mile, da garin gurjiya ake yin sa, kuma kaso mai yawa na gurjiyar daga gonakin Arewa yake fitowa. A ƙarshen Fabrairun 2021, da dillalan abinci da shanu suka dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, kuɗin tumatir da albasa ya yi tashin gwauron zabo, kuma tsadar ba ta tambayi ƙabilar mai cefane ba. Gidajen da suka ɗan sami sauƙi a wannan mako su ne masu sauran kauɗa a buhu da soyayyen tumatir a ƙarƙashin mai.