A Gefen Gadon Majinyaci Ake Cin Jarrabawar Kansil

Da zarar watan Mayu ko Nuwamba ya ƙarato, ɗakunan kwanan ɗalibai a makarantun koyon aikin jinya kan kwana da fitila a kunne, takardun tsofaffin tambayoyi suna yawo hannu-hannu har sun yi laushi. A waɗannan watanni ne Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ke shirya jarrabawar da ɗalibai ke kira Kansil. An kafa majalisar a 1979, kuma ita ke riƙe da rajistar ma'aikatan jinya. Ko ɗaliba ta yi shekara uku a makarantar jinya, ko biyar a jami'a irin ta Ahmadu Bello ko Bayero, doka ba ta san ta a matsayin nas ba sai ta haye wannan jarrabawa ta karɓi lasisi. Saboda haka tsoron da ake yi mata ba laifi ba ne. Kuskuren yana ga yadda ake shirya mata: a bar karatu sai saura wata biyu, sannan a dira kan haddar amsoshi. A ganina ɗalibar da ta riƙe aikin ɗakin majinyata da muhimmanci tun shekarar farko ta riga ta yi rabin shiri, kuma tsarin jarrabawar kansa ne hujjata.

Jarrabawar tana da ɓangaren tambayoyi da ake amsawa a kwamfuta, da ɓangaren gwajin aiki da ake kira OSCE, wanda ɗalibai ke furtawa oski. Farfesa Ronald Harden da abokan aikinsa na Jami'ar Dundee a Birtaniya ne suka fito da wannan tsari a 1975, don a daina dogaro da ra'ayin mai jarrabawa guda. Ana jera tashoshi, a kowace akwai aiki ɗaya da 'yan mintuna, ana kaɗa ƙararrawa ɗaliba ta matsa gaba. A ce an ba ta awon hawan jini. Mai duba ta yana zaune da takarda, ba ya cewa uffan, yana sa maki a kan kowane mataki: ta gaida majinyaci? Ta tabbatar da sunansa? Ta faɗa masa abin da za ta yi? Ta wanke hannu? Ta ɗaura ɗamarar awon daidai a damtse? Ta rubuta abin da ta samu? Wadda ta yi wannan aiki sau ɗari a asibiti, hannunta ne zai tuna ko da gabanta yana faɗuwa. Wadda a littafi kaɗai ta san shi, sai ƙararrawa ta kaɗa tana laluben tire.

Tambayoyin kwamfutar ma da yawansu aikin asibiti ne aka zuba a rubuce. Za a ce likita ya rubuta ƙarin ruwa mililita 500 ya shiga cikin awa 4, robar kuma tana ba da ɗigo 20 a kowace mililita. Ɗigo nawa za a sa a minti? Wadda ta fahimci lissafin za ta ninka 500 da 20, ta raba da minti 240, ta samu kusan ɗigo 42. Wadda ta haddace cewa amsar ita ce zaɓi na biyu, da an mayar da awa 4 ta koma 6 shi ke nan, ta faɗa rami. Haka idan aka kawo labarin mai juna biyu da ta zo tana jijjiga, aka jera abubuwa huɗu da duk daidai ne, aka ce wanne za a fara yi. Ana neman wadda ta san cewa kwantar da ita ta gefe da kare hanyar numfashi suna gaba da sauran. Wannan ilimi ya fi zama a kan wadda ta taɓa ganin hakan a ɗakin haihuwa.

Za a ce ai tsofaffin tambayoyi suna maimaituwa, kuma akwai waɗanda suka ci da su. Gaskiya ne, ba kuma cewa nake a jefar da su ba. Amfaninsu shi ne mutum ya gwada kansa da su: ya rufe amsa, ya sa agogo, ya amsa, sannan ya koma littafi ya gano dalilin da ya sa sauran zaɓuɓɓukan uku ba daidai ba ne. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka cusa a kai lokaci guda yana saurin zubewa, wanda ake komawa kansa bayan kwanaki kuwa yana daɗewa. Alarammomin tsangaya ba su jira Jamus ba kafin su san cewa hadda ba ta zama sai da tilawa. Awa ɗaya kullum har wata shida, ana bita ana yi wa juna tambayoyi, ta fi kwana goma na rashin barci, wanda ƙarshensa a shiga ɗakin jarrabawa da ciwon kai.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na halin da asibitocin suke ciki. Ɗalibai kan ce ana mayar da su 'yan aike, a tura su ɗauko kati ko karɓo sakamakon gwaji, kayan aiki ba su cika ba, nas ɗaya na kula da gadaje masu yawa, ba ta da lokacin koyar da kowa. Wani lokaci ma yadda ake yin aiki a ɗakin majinyata ya saɓa wa yadda littafin majalisa ya tsara. Wannan ƙorafi yana da tushe. A farkon 2024 magatakardan majalisar ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, kuma daga cikinsu akwai waɗanda da su ne za su tsaya a kan ɗalibai. Amma cunkoson majinyata a asibitocin yana nufin ɗalibar Kano ko Sakkwato tana ganin zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, da sikila, da amai da gudawa, da tamowa, cikin mako guda. Abin da ya rage mata shi ne ta ɗauki majinyaci ɗaya kullum, da dare ta karanta cutarsa da magungunansa, sannan ita da abokan karatunta su gwada aikin a ɗakin gwaji na makaranta bisa tsarin littafi, ɗaya na yi ɗaya na riƙe da takardar maki.

Masu burin fita waje ma su sani cewa can abin ya fi haka. Jarrabawar NCLEX ta Amurka tana ba da tambayoyi tsakanin 85 da 150, kwamfuta na ƙara musu wuya gwargwadon amsar mutum, kuma tun Afrilun 2023 aka ƙara mata tambayoyin da ke bin labarin majinyaci mataki-mataki. Ingila kuma tana da nata oski.

Ga shugabannin makarantu kuwa, a buɗe ɗakin gwaji da na kwamfuta da yamma tun daga aji ɗaya, musamman saboda ɗaliban da ba su taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ranar jarrabawar JAMB, a kuma tura malamai su bi ɗalibai har cikin ɗakin majinyata.