Katin da zai ci maka dala 20, ya cinye maka 155

Idan kana yawan leƙa TikTok ko YouTube, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da bidiyon 'yan wasan foka ba. Mutum ya tura duk abin da ke gabansa tsakiyar tebur, a buɗe kati, sai ka ga ya dafe kai. Da yawansu daga gasar duniya ne da ake yi a Las Vegas ta Amurka tun 1970. Ba tallar caca nake maka ba, kowa ya san matsayinta a wajenmu. Lissafin da ke bayan dafe kan nan ne ya ja hankalina.

A salon Texas Hold'em, kowa yana riƙe da kati 2 a ɓoye, sannan a buɗe guda 5 a tebur kashi uku, ana zuba kuɗi bayan kowane kashi. David Sklansky, a littafinsa The Theory of Poker, ya yi bayanin wani abu da zan kira ɓoyayyiyar asara: kuɗin da za ka biya nan gaba saboda katinka yana da kyau, amma ba shi ne mafi kyau ba.

A ce kana riƙe da K da 10, aka buɗe K, 7, 2, kuma akwai dala 20 a tsakiya. Ka haɗa K biyu ke nan, ranka fes. To, idan abokin karawarka ba shi da komai, kana zubawa zai janye, ka kwashi dala 20 kawai. Amma idan A da K yake riƙe fa? Shi ma K biyu gare shi, kuma A ɗinsa ta fi 10 ɗinka. Ya zuba 15, ka bi. Ya zuba 40, ka bi. Ya zuba 100, ka ce ai an riga an yi nisa, ka sake bi. Dala 155 sun tafi. Katin da zai cece ka shi ne 10, kuma guda 3 kacal suka rage.

A ganina muguntar abin ita ce, katin banza ba ya yi maka haka, domin tun farko za ka yar da shi. Mai ɗan dama-dama ne yake riƙe ka a kujera kana ta biya. Shi ya sa ƙwararru, idan ɗan wasan da ba ya shiga sai da kati mai ƙarfi ya ƙara kuɗi tun farko, sukan yar da K da 10 kafin ma a buɗe komai a tebur.