Sabon irin tumatir: ina gaskiya, ina jita-jita?

Da zarar damina ta ja baya, masu lambu daga fadamun Kwatarkwashi zuwa bakin kogin Sakkwato a Bungudu da Gusau suka fara shirin renon tumatir, sai maganganu su taso kan irin da ake sayarwa a leda ko gwangwani. Ga huɗu da aka fi yawan ji.

"Duk sabon iri, an sauya masa halitta a ɗakin gwaji." Ba haka ba ne. A 2012 masana daga ƙasashe 14 suka fitar da cikakken tsarin ƙwayoyin gadon tumatir, kimanin 35,000. Amfanin wannan karatu shi ne, mai haɗa iri yana iya yankar ɗan ganye tun shukar tana ƙarama, ya gane ko ta gaji juriyar cuta, ba sai ya jira kaka ba. Haɗin kansa kuwa aure ne tsakanin tumatir da tumatir. Juriyar cutar nannaɗewar ganye, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, daga tumatirin daji na Kudancin Amurka aka auro ta. Sauya halitta wani aiki ne daban, kuma a Nijeriya sai da izinin hukumar NBMA da aka kafa a 2015. Auduga da wake SAMPEA 20-T da masarar TELA suna cikin waɗanda suka bi wannan hanya.

"An kashe ƙwayar, in ka ajiye iri ba zai tsiro baɗi ba." Zai tsiro. Sai dai in ledar na ɗauke da alamar F1, wato irin da aka samu ta auren tumatir biyu, jikokin ba za su fito bai ɗaya ba: wani ya ɗauko uwa, wani uba, yabanya ta ragu. Dokar gado ce, ba makirci ba. Irin su Roma VF da UC82B ana iya ajiye su a sake shukawa.

"Cin sa na hana haihuwa." Babu binciken da ya nuna haka. Abin tsoro na haƙiƙa shi ne feshi barkatai da tsinke tumatir kafin wa'adin maganin ya cika.

"Sabon iri ya fi ƙarfin sharon." Wannan romon baka ne na masu talla. Sharon, wato tsutsar Tuta absoluta, wadda ta taso daga Kudancin Amurka ta shiga Sifaniya a 2006, ta cinye gonakin Kano da Katsina da Kaduna a 2016, har Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Ba ta bar sabo ba, ba ta bar tsoho ba. Maganinta tarko ne, da tsabtar lambu, da feshi bisa ƙa'ida.

Inda masu ƙorafi suke da gaskiya shi ne tsada da jabu. Irin F1 na cin kuɗi kowace shekara, kuma akwai masu cika leda da ragowar banza. Don haka a duba tambarin hukumar iri ta ƙasa, NASC, a tambayi malamin gona abin da irin ke jurewa. Kafin a zuba jarin kaka guda, a gwada shi a fangali biyu kusa da wanda aka saba, a ƙirga kwandunan kowanne.