Kashin Wadi Dum: laifin Gaddafi ne ko na hafsoshinsa?

Jama'a, duk wanda ya taɓa aika yaro da kaya aka yi asara ya san gardamar da ke biyo baya. Uban gida ya ce yaro ya yi sakaci, yaro ya ce tun farko an ɗora shi kan muguwar hanya. To, irin wannan gardama ake yi har yau kan kashin da sojojin Libiya suka sha a hannun Cadi a 1987, nan kusa da mu.

Tushen rigimar zirin Awuzu ne. Libiya na da tankokin yaƙi da jiragen sama na Tarayyar Sobiyet. Sojojin Hisen Habre kuwa, ƙarƙashin Hasan Jamus, motocin Toyota ne da su, da makaman fasa tanki da Faransa ta ba su. A watan Janairu suka ƙwace Fada. A watan Maris sansanin Wadi Dum ya faɗi, aka kama Kanar Halifa Haftar da ɗaruruwan sojojinsa. Kafin Satumba ta ƙare har cikin Libiya suka kai hari.

Wasu na ɗora laifin kan hafsoshi. Sun ce sun zauna bayan nakiyoyi suna jira, kuma rundunar da aka tura ta maido da Fada ta faɗa kwanton ɓauna a Bir Kora. Wasu kuma suna nuna Faransa da Amurka da yatsa.

Ni dai, a ganina, babban kason na Gaddafi ne. A 1986 ya ɓata da Gukuni Wedai, har aka harbe shi aka raunata a Tirifoli. Mayaƙan Gukuni, Tubawa ne da suka san kowace rijiya da kowane dutse na Tibesti, sai suka koma wajen Habre. Mutanen Agadas da Bilma sun san ma'anar shiga hamada ba jagora, ko da motarka sabuwa ce fil. Ga kuma tsoron juyin mulki da ya sa Gaddafi bai yarda sojojinsa su yi ƙarfi ba.

Bayan kashin sai ya juya wa fursunonin baya. Haftar ya koma ɓangaren adawa, ya tafi Amurka, ya dawo a 2011 cikin waɗanda suka kifar da shi. Awuzu kuwa, a 1994 Kotun Duniya ta ce na Cadi ne, Libiya ta janye a shekarar.